Zani Biyu a Bazara

Wasiƙar ba za ta sake zuwa ba. Matar da ta ɗauke ni hoto bara ce ta faɗa mini, ina tsaye ina gyara ɗaurin kallabi: mace in ta cika shekara 71 sun daina aika mata gayyata, in tana so sai dai ita ta neme su da kanta duk bayan shekara uku. Na yi mata godiya na fito. Sai da na zauna a cikin bas na ji wani iri, kamar wadda aka sallama daga aiki ba laifin zaune ba na tsaye. Ni da na yi mako bakwai ina ɓoyon wasiƙarsu ta farko a ƙarƙashin kwanon samira, yau ni ce nake jin haushin za a daina rubuto mini.

A watan Mayun 2005 ta zo, ina da shekara 51, shekarata 19 a Manchester. Mun zo ne a 1986 da niyyar maigidana Malam ya yi karatun shekara uku mu koma Zariya. A shekarar ce gwamnatin Babangida ta karya darajar naira, albashin malamin jami'a ya zama abin tausayi, shekara uku ta koma biyar, biyar ta koma goma, har muka daina lissafi.

Farar ambulan ce mai shuɗin tambarin NHS, hukumar lafiyar ƙasar. Na buɗe ina zaton zancen hawan jinina ne. Sai na ga an sa mini rana da lokaci da wuri, wai in je a ɗauki hoton nonona. Ban kai kuka wurin kowa ba, ban ce wani wuri yana mini ciwo ba. Sunana kawai suka gani a rajistar likitan unguwa, suka ga shekaruna sun kai. Tun 1988 Birtaniya take yin haka, bayan wani kwamiti da likitan fiɗa Patrick Forrest ya jagoranta ya ba gwamnati shawara a 1986. Da farko mata 'yan shekara 50 zuwa 64 ake kira, daga baya aka kai shi 70. Duk shekara uku sau ɗaya, kyauta, ko kina da ciwo ko ba ki da shi. Hasali ma marasa ciwon ake nema, don a kama sankarar mama tun tana ƙarama, tun hannu bai kai ga jin ta ba.

Na karanta har ƙarshe, na ninke, na ɗaga kwanon samirar da na zo da shi daga gida, wanda ba a cin abinci a cikinsa sai ado a saman kabad, na tura ta ƙarƙashi. Abin da na ce wa kaina shi ne, mai lafiya me ya kai shi asibiti? Ina zaune lafiya in je in ta da zaune tsaye, allura ta tono garma. Na ce kuma kunya ce, ina uwar 'ya'ya biyar in je in tuɓe a gaban baƙo. Da wannan dalilin na kunya na daɗe ina rarrashin kaina, domin dalili ne mai kyan gani, irin wanda mace za ta faɗa a cikin mata a jinjina mata kai.

Ƙarya nake yi. Goggo nake gudu.

Goggo yayar babanmu ce, ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara shida, a cikin birnin Zariya wajen Ƙofar Kuyambana. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai ta ce Uwata. Ita ce uwargida, da kishiyoyi biyu a bayanta. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma a unguwar nan babu wadda ta kai ta ƙarfin hannu wajen matsar tunkuza. In ta durƙusa a kan turmi tana juyi tana matsa, mai har tsartuwa yake yi.

Wanda bai tashi a tsakar gidan Hausawa na wancan zamani ba, ba zai gane abin da ya sa zanin Goggo ya tsaya mini a rai ba. A gidanmu nono ba abin ɓoyo ba ne. Mai jego tana tsakiyar hira za ta zaro ta cusa wa jariri, ba wanda zai ko ɗaga kai. In bazara ta yi bazara, tsofaffi sukan sauke zani zuwa ƙugu su zauna a inuwar darbejiya suna fifita da mafici, muddin babu namiji baligi a gidan. Goggo ma haka take yi. Sai a bazarar 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, maza suna kewaye da rediyo a zaure, ƙasa tana ƙuna kamar tanda, Goggo ta fara ɗaura zani a ƙirji ta kuma yafa wani har wuya. In an tambaya ta ce masassara ce, sanyi take ji. Ta sakar mini matsar tunkuza, wai in koya tun kafin a kai ni ɗaki. Ta koma ɗaukar buta da hagu. Kaskon turaren wuta kuwa bai sake mutuwa a ɗakinmu ba, dare da rana, har idona yana yaji. Wasu tsummoki take wankewa da kanta bayan kowa ya kwanta, ta shanya su a cikin ɗaki, a bayan gado.

Wata asuba na kai mata ruwan zafi ban yi sallama ba. Fitilar ƙwai tana ci, ita tana zaune a bakin gado, zani biyun nan suna ƙasa. Ba zan tsawaita ba. Nonon dama ya kumbura ya yi tauri, fatar ta yi burtsi-burtsi kamar ɓawon lemo, gefe guda ya fashe, hammata ta cika da kaluluwa. A nan na gane aikin da turaren yake yi. Ba ta yi mini tsawa ba, ba ta ma yi saurin rufewa ba. Ta ce, “Uwata, turo ƙofar.” Na tura. Ta ce, “Abin da kika gani ya tsaya a nan. Ko babanki kada ya ji.” Na ce to.

Wata biyar na riƙe wannan to ɗin. Shekarata 14, kuma ina alfahari da cewa ni yarinya ce mai riƙe sirri. Ni nake zuwa gidan wata tsohuwa mai magani in karɓo sassaƙe da wani baƙin gari na shafawa, in ɓoye su a ƙarƙashin kwanon talla. Ni nake karɓo rubutu. Asibitin Wusasa ga shi nan, na Tudun Wada ga shi nan, ba wata tafiya ba ce, amma kowa a garin ya san maganar: daji ba ya son allura. Da zarar ƙarfe ya taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Na girma kafin in gane inda maganar ta samo ƙarfinta. Ba a kai mai ciwon asibiti sai ya kai gargara, a yi masa allura, bayan kwana kaɗan ya cika, sai a ce ai dama an faɗa. Kowace gawa sai ta ƙara wa maganar shaida.

Me Goggo take ɓoyewa, tunda ba tsiraici ba ne? Ciwon take ɓoyewa. Tana tsoron bakin kishiyoyi, tana tsoron a ce jifa ne a fara nuna yatsa, tana tsoron maigida ya ƙyamaci girkinta, masu sayen mai su koma wani gida. Ta kuma taɓa jin labarin wata da aka yanke wa nono a asibiti, labarin da ake faɗa da raɗa kamar matar sata ta yi.

Da warin ya fi ƙarfin turare, amaryar gidan, wadda Goggo ta fi tsoron bakinta, ita ce ta aika a kira babanmu, kuma ita ce ta riƙa wanke tsummokin daga ranar. Aka ɗauki shatar mota zuwa Tudun Wada. Ina tsaye a bakin labule likita ya tambaya tun yaushe abin ya fara. Goggo ta ce, “An kwana biyu.” Ya dubi ciwon ya dube ta, bai sake tambaya ba. Magani mai rage zafi suka ba mu muka dawo. Ta rasu a cikin azumin shekarar, hunturu ya sauko, lokacin da kowa ya koma yafa zani biyu. A zaman makoki ba wanda ya kama sunan ciwon. Ta sha jinya, Allah ya sa kaffara ce, shi ke nan.

Wannan ne yake kwance a ƙarƙashin kwanon samira tare da wasiƙar NHS. Ranar da aka sa mini ta zo ta wuce. Suka sake aiko da wata, na haɗa ta da 'yar'uwarta.

Auta ce ta tona ni. A 1988 na haife ta, sa'ar shirin gwajin ce ke nan, a lokacin tana da 17, Hausarta duk a karkace. Ta hau kujera neman wani abu a saman kabad ta sauko da ambulan biyu a hannu. A watan Mayun nan ne aka sanar cewa mawaƙiyar Ostireliya Kylie Minogue tana da sankarar mama tana 'yar shekara 36, jaridu da talabijin ba su da wani zance, 'yan makarantarsu Auta ma haka. Ta tsaya a kaina ta ce, “Umma, me ya sa kika ɓoye wannan?” Na ce ba ɓoyewa na yi ba, ajiyewa na yi. Ta ce, “A ƙarƙashin kwano?” A Zariya yarinya ba ta isa ta tsare uwarta da ido haka ba. Na buɗe baki zan yi mata faɗa sai na ga idonta ya cika da ƙwalla.

Da dare ta kai wa babanta. Malam ya sa tabarau ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, yadda yake karanta komai, har takardar kuɗin wuta. Tambaya ɗaya ya yi: “Mace ce za ta duba?” Auta ta nuna masa wurin da aka rubuta cewa mata ne kaɗai suke ɗaukar hoton. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, “To, Hajiya, saura me?” Na kawo zancen tawakkali, ya tuna mini da zancen ɗaure raƙumi. Dalilina mai kyan gani ya ƙare a nan, na gaskiyar kuwa ban iya faɗa masa ba. Shekara 30 muna tare a lokacin, bai taɓa jin labarin asubar nan ba.

Auta ta buga waya, aka ba ni rana a ƙarshen Yuli. Lokacin bai yi wa mace mai hijabi daɗin fita ba. Ranar 7 ga watan aka kai harin bama-bamai a jiragen ƙarƙashin ƙasa da wata bas a Landan, mutum 52 suka mutu, kuma ko a Manchester in kika shiga bas da jaka sai kin ga idanu sun bi jakar. Na so in fake da wannan ma. Auta ta ce za ta raka ni, ta kuwa riƙe jakar a cinyarta har muka sauka.

Takardar ta ce kada a shafa hoda ko abin feshin hammata, domin ɓurɓushinsu yana iya fitowa a hoto ya rikita masu dubawa. Ranar na fita ba humra ba turare, ina jin kaina kamar miya ba gishiri. Ta kuma ba da shawarar a sa kaya mai sama da ƙasa maimakon doguwar riga, don a cire na sama kawai. Wannan kam iyayenmu sun riga su, riga da zani na atamfa na sa.

Ɗakin jiran bai yi kama da asibitin da na sani ba. Babu mai nishi, babu mai tari, babu mai jinya riƙe da kwanon abinci. Mata ne sa'o'ina shida ko bakwai, kowacce da jakarta da lema, wata tana cike wasan kalmomi a jarida, wata tana duba agogo don ta koma wurin aiki. Ni kaɗai ce baƙar fata. Daga baya na ji cewa kusan mace uku cikin goma ba sa amsa wannan gayyatar, kuma mu baƙaƙe da matan Asiya mun fi yawan ƙin zuwa, mun kuma fi zuwa asibiti bayan ciwon ya yi nisa. Ban yi mamaki ba. Kowacce da kwanon samirarta.

Aka kira sunana, aka karya shi gida uku kamar yadda suka saba. Matar Baturiya ce gajera, ta kusa sa'ata, da takalmin roba. Ta rufe ƙofa ta murza makulli, ta tambayi sunana da adireshi da ranar haihuwa. Na ce 1 ga Janairu, 1954, kamar yadda yake a fasfo, duk da abin da na sani kawai shi ne Inna ta ce ina tafiya da ƙafata aka yi hawan daba na zuwan Sarauniya Kaduna a 1956. Ta tambaya ko na taɓa jin ƙullutu, ko an taɓa yi mini aiki a wurin. Na ce a'a. Ta ce in cire riga.

Na juya mata baya na cire, na rungume hannuwana. Ita kuwa ko kallona ba ta yi ba, tana can tana goge na'ura. Na'urar ta fi ni tsawo, tana da faranti baƙi a ƙasa da wani na roba garai-garai a sama. Ta ce in matso, ta ba ni haƙuri cewa hannunta da sanyi, ta kama nonon dama ta shimfiɗa a kan farantin kamar mai gyara ƙullin alkaki. Ta juya mini kafaɗa, ta kawar mini da haɓa, ta ja gefen hijabina baya. Sannan ta taka wani abu da ƙafa, farantin sama ya fara saukowa.

Ya sauko, ya taɓa, ya matsa. Na ce ya isa. Ya ƙara. Abin da ya shayar da yara biyar, kowanne kusan shekara biyu, ya baje ya zama kamar waina a ƙarƙashin gilashi, ina kallonsa da idona. Akwai zafi, kada wata ta ce miki babu, amma zafi ne na daƙiƙu kaɗan, bai kai haihuwa ba, bai ma kai ruwan wankan jego ba. A daidai lokacin, ban san daga ina ba, sai hannun Goggo a kan tunkuza ya faɗo mini a rai. Na ce a zuciyata, yau ga mai matsa ta gamu da wadda ta fi ta. Dariya ta taso mini, matar tana bayan allon gilashi tana cewa kada in motsa. Na'ura ta yi ƙara, farantin ya saki da kansa. Dariyar da na danne kuwa da ta fito ba dariya ba ce.

Matar ta miƙo mini takardar share hawaye ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce saura uku. Kowane nono hoto biyu ake masa, ɗaya daga sama, ɗaya a karkace don a haɗa da gefen hammata, wato wurin da kaluluwar Goggo ta cika. Tana gyara ni tana yi mini bayani, ina jin don ta ɗauke mini hankali. Matsawar, in ji ta, don naman ya baje ne kada wani abu ya ɓuya a bayan wani, kuma don a rage yawan hasken da zai ratsa jiki. Dalilin da ya sa sai an kai 50 kuwa, nonon mace mai ƙuruciya a cike yake, fari yake fitowa a hoto, ƙullutu ma fari, ka ga neman farin zare a cikin auduga. In al'ada ta ɗauke, kitse ya maye gurbin, hoton sai ya yi duhu, abin da ake nema ya fito fili, wani lokaci 'yan ɗigo-ɗigo ne kamar an watsa gishiri. Mutum biyu ne za su duba hotunan, kowa shi kaɗai. A lokacin fim ake wankewa, kafin a koma na kwamfuta.

Tun daga cire riga har mayar da ita bai kai minti goma ba. Na fito Auta ta miƙe tana duban fuskata. Na ce mata, “Shi ke nan?” kamar ita ce ta yi mini alkawarin abin zai fi haka. A hanyar komawa, a kujerar baya ta bas, na ba ta labarin Goggo, rabi da Hausa rabi da Turanci. Ita ce mutum ta farko da ta ji, bayan shekara 37.

Sakamako ya zo cikin mako biyu, layi kaɗan: ba a ga alamar komai ba, sai bayan shekara uku. Na 2008 a cikin wata doguwar mota aka yi shi, an girke ta a filin ajiye motoci na wani babban kanti, na fito na shiga na sayi albasa.

Na 2011 ne ya zo da wata wasiƙa daban: ana so in dawo a ƙara dubawa. Takardar ta ce cikin mata ɗari da aka ɗauka hoto, kamar huɗu ake sake kira, kuma uku daga cikin huɗun nan ba a samun komai. Lissafi mai sanyaya zuciya ne in kina karanta shi a kan wata. Kwana shida na yi ina juyi, na raba 'yan kunnayena a zuci, na yi wa Malam bayanin inda takardun gida suke har ya ce in bari. Ranar, likita ta shafa mini wani abu mai sanyi ta bi wurin da na'urar sikanin irin ta masu ciki, ta nuna mini wani baƙin ƙwai a allo a nonon hagu. Ta ce ga alama ƙullin ruwa ne, za ta zuƙe shi yanzu mu gani. Sai ta juya ta ɗauko allura.

Ni da na yi karatu, na yi aikin koyarwa, na shekara 25 a Ingila, ina ganin tsinin allurar nan sai na ji muryar matan unguwarmu a kunnena tar, kamar suna tsaye a bakin gadon: daji ba ya son allura. Jikina ya ɗauki rawa. Nas ta kama hannuna tana zaton tsoron zafi nake ji. Na rufe ido na yi ta salati. Da na buɗe, likita tana nuna mini sirinji da ɗan ruwa kalar shayi ba madara, baƙin ƙwan nan kuwa ya ɓace daga allo. Ta ce in tafi gida.

Ba zan ce gwajin nan ba shi da aibi ba, su ma masu shi ba su ce ba. A 2012 wani kwamiti ƙarƙashin Farfesa Michael Marmot ya auna shirin, ya ce yana ceton ran mata kusan 1,300 a shekara a Birtaniya, amma kuma mata kusan 4,000 ake yi wa magani, har da fiɗa, a kan wani abin da da an bar shi ba zai taɓa cutar da su ba har su mutu. Wato a kan kowane rai ɗaya da aka ceta, mata uku sun sha wahalar da ba ta zama dole ba, kuma babu likitan da zai iya nuna miki tun farko ke wacce ce a ciki. Bayan haka suka sake rubuta ƙasidar da ke zuwa da wasiƙa, suka daina lallashi, suka ce ga amfani ga illa, ki zaɓa. Wata ƙawata 'yar Gana ta karanta ta ce ita ta gama zuwa, kuma ban ga laifinta ba. Ni dai na ci gaba. Wadda ta ga abin da na gani da asubar nan ba da sikeli ɗaya take awo da sauran mutane ba.

Ba na kuma yaudarar kaina cewa na'urar nan ce da za ta ceci Goggo. A 1968 ko matan Ingila ba a kiransu gwaji. Ciwon Goggo bai buƙaci na'ura ba, hannu ya ji shi, ido ya gan shi, hanci ma ya shaida. Har yau a Najeriya babu mai aiko wa mace wasiƙa, in tana son hoton ita za ta nema ta biya, kuma duk da sankarar mama ce kan gaba a cikin ire-iren dajin da ke kama mata a ƙasar, yawancinsu sai ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu ake ganinsu a asibiti. Da yawa kuma ba su ma kai shekara 50 ɗin da ake fara kira a nan ba.

A 2013 na je Zariya bikin jikar Goggo. Da dare muna zaune a ɗakin uwar amarya ana ƙulla kayan gara, na ba mata labarin na'urar da ke matse nono kamar tunkuza, har da kwaikwayon yadda ake tsayawa a karkace. Aka yi ta dariya, wata ta ce Turawa ba su da aikin yi. Yaya, 'yar Goggo ta fari, ba ta yi dariya ba. Da aka watse ta ce, “Zo ki taya ni neman wani abu a ɗaki.” Muna shiga ta ce, “Turo ƙofar.”

Ƙafafuna suka yi sanyi. Ta kama hannuna ta ɗora a gefen nononta na hagu. Yana nan, kamar ƙwallon dabino, da tauri, ba ya gudu a ƙarƙashin yatsa. Ta ce ya kai wata huɗu, ba ya ciwo, don haka take ganin ba komai ba ne. Sannan ta ce kada in gaya wa yaranta. Na ce, “Yaya, ki yafe mini, wannan karon ba zan ce to ba.” Kafin a kai amarya na gaya wa babban ɗanta, ranar Litinin muna asibitin koyarwa na Shika. Ta yi fushi da ni, ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Da aka zo ɗibar ɗan nama don gwaji ta ga allurar, ta dube ni, na san abin da take ji a kunnenta. Na riƙe mata hannu.

Shi ne. Aka cire nonon, aka yi mata ƙarin ruwan maganin nan mai zubar da gashi, gonarta ɗaya ta tafi, dangi muka yi karo-karo. Ta ƙara shekara takwas a duniya, ta sauke farali, ta aurar da jikoki uku, kafin ciwon ya dawo mata ta ƙashi. Ta rasu a 2021, shekarar da na je gwajina na shida, wanda annobar korona ta ɗage daga 2020. A zaman makokinta na ji ɗiyarta tana gaya wa masu gaisuwa sunan ciwon da bakinta, ba raɗa.

Sau bakwai ke nan na tsaya a gaban na'urar. Auta, wadda yanzu take da nata 'ya'yan biyu, ta zo ran Asabar ta karɓi wayata ta sa mini tunatarwa a 2027, da lambar da zan kira. Na ce ban yarda da waya ba, wayar da nake canzawa duk bayan shekara biyu, ta rubuta mini a takarda. Ta yago daga littafin ɗanta ta rubuta da manyan baƙaƙe, ta ce a ina za ta ajiye. Na nuna mata saman kabad. Ta dube ni, ta dubi kwanon samira, ta je kicin ta ɗauko abin liƙawa ta manna takardar a ƙofar firiji.